Na Je Sin Sauraron Numfashin Ƙasa

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A ofis tambaya, a coci tambaya, har mai ƙosan bakin tasharmu ta Malumfashi, wadda ba ta taɓa ce mini komai ba ban da gaisuwa, ranar nan ta hana ni ƙosaina sai na gaya mata ko da gaske ne mutanen Caina da tsinke suke cin abinci. Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in zauna in zazzage labarin gaba ɗaya, wanda ya sake tare ni in miƙa masa ya karanta da kansa. Sunana Saratu, malamar gona ce ni, 'yar wani ƙauye a bayan Kafur wanda ko na faɗi sunansa ba saninsa kuka yi ba.

Kwas ne ya kai ni, na koyon yadda ƙasar noma ke yin tsami da yadda ake gyara ta. Mu biyu aka ɗauka daga yankinmu, ni da Malam Lawal na Danja, abokin aikina, mutumin da in ya fara magana sai ka nemi wurin zama. Amma abin da na ɗauko a zuciyata ba kwas ba ne, gonar Babana ce.

Gonar nan Baba ya gaje ta daga kakanmu. Da ita aka ciyar da mu, da audugarta aka kai mu makaranta. A 'yan shekarun nan kuwa sai ta juya mana baya. Masara ta tsaya iya ƙugu, ganye ya yi rawaya, a ƙara mata takin zamani kamar ana zuba ruwa a kwando. Yayana Bitrus, wanda ke aiki a Kaduna, ya ce ƙasar ta mutu, kuma ga wani mai buga bulo daga Funtua yana so ya saya ya haƙe. Ban ga laifin Yaya ba, shi ke sayen takin duk shekara. Baba kuwa ya tsufa, ya gaji da gardama. Ranar da na je sallama ya ce mini, "Saratu, je ki dawo. In masu ilimin can sun ce ta mutu, ni ma na yarda ta mutu." Yaya ya ce zai jira har lokacin sharar gona, daga nan ba zai ƙara ko kwana ba. Sai na sami gwangwanin madara, na cika shi da ƙasar tsakiyar gonar, na naɗe a zane, na tura can ƙasan akwati.

Daga Malumfashi muka hau mota zuwa Funtua, daga can muka canza wata mai zuwa Abuja. Kayan Malam Lawal kaɗai sun kusa cinye bayan motar. Uwargidansa ta haɗa masa kilishi, da dambun nama, da ƙuli-ƙuli, da yaji kala-kala, sai ka ce ƙasar da ake fari za shi. Na ce, "Malam Lawal, kwas za ka ko shago za ka buɗe?" Ya ce, "Malama, ke dai yi shiru. Ranar da aka ajiye miki kwaɗo a faranti za ki zo kina sallama a ƙofata." Kafin mu kai Zariya taya ta fashe, direba ya ce safayarsa ma ba iska. Muka zauna a gindin wani mangwaro muna jiran mai faci, wata tsohuwa da za ta Kaduna ganin jika ta tambaye ni ina muka nufa. Da na ce Caina, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "A wannan motar?"

Jirgi dai ban taɓa shiga ba sai ranar. Ba zan ɓoye muku ba, da ya ɗaga na riƙe hannun kujera na karanto duk addu'ar da na iya, har da ta cin abinci. Mun sauka Habasha muka canza wani, wanda ya yi ta tafiya har na fara zaton direban ya ɓata. Malam Lawal ya addabi ma'aikaciyar jirgin da tambayar ina gabas take. Ta nuna masa, kafin ya gama shiri jirgin ya karkata, ya sake kiranta.

A filin jirgin Guwanzu, inda muka sauka a Caina, aka yi mini abin da har yau in na tuna raina ke sosuwa. Wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da 'yar riga, ya zo ya zauna daram a gaban jakar Malam Lawal. Aka buɗe. Kilishi ya tafi, dambu ya bi shi, yaji da ƙuli kawai suka tsira. Ina cikin yi masa dariya sai na ga akwatina ma an ja shi gefe. Wata jami'a ta zaro gwangwanin, ta buɗe, ta leƙa, ta dube ni. Ta yi magana a wayarta, wayar ta juya mini da Turanci: ba a shiga ƙasarsu da ƙasar wani wuri, don tana iya ɗauko cutar shuka. Ni malamar gona ce, na san haka sarai, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa ƙasar gonar Baba ma ƙasar wani wuri ce. Na roƙe ta. Na ce ta ubana ce, gwaji kawai za a yi, ko cokali ɗaya ta bar mini. Matar nan ba ta yi mini tsawa ba, har haƙuri ta ba ni, amma ta jefa gwangwanin a wani babban kwando mai murfi. A cikin bas na juya fuska wajen taga na yi kukana. Malam Lawal ya buɗe jakarsa ya shiga lalube. Can ya miƙo mini ƙuli-ƙuli.

Masaukinmu yana gefen wani daji ne a kan tudu, 'yar tafiya daga birnin. Ɗaki tsaf, gado tsaf, amma ƙofar da kati ake buɗe ta, kuma in ka fita ka bar katin a ciki ka zama baƙon kanka. Ya faru da ni tun ban kwance kaya ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ruwan zafi. Ka ce kana jin ƙishirwa, ruwan zafi. Kanka na ciwo, ruwan zafi. Na tambayi ruwan sanyi, aka dube ni kamar na ce a ba ni guba. Sai kuma rashin gaisuwa. Mutum ya wuce ka da sassafe, kafaɗa na gogar kafaɗa, ba ina kwana ba ina gajiya. Da farko na ɗauka fushi ake da mu. Daga baya na lura ko junansu haka suke yi, kuma wanda bai gaishe ka ɗin ba shi ne zai bar aikinsa ya raka ka har inda ka ɓata. Ni dai ban fasa ba. Matar da ke share mana baranda kullum sai na ce mata sannu da aiki, tana dariya tana rufe baki. Kafin mu taho ita ke riga ni, ta ɗaga tsintsiya ta ce, "Sanu!"

Abinci kuwa, gaskiya ne da tsinke biyu suke ci, ku gaya wa mai ƙosai. Ranar farko na kori ƙwayar gyaɗa ɗaya a faranti har ta faɗa cinyar wani Bahabashe da muke kwas tare. Teburin juyawa yake, kowa na ɗiba daga kwano ɗaya, wannan kam bai zame mini baƙo ba. Inda muka saɓa shi ne, a gidanmu baƙo yakan rage loma don yara, can kuwa na cinye nawa tas don kar a ce na raina, ashe in ka share kwano cewa kake ba ka ƙoshi ba. Aka yi ta ƙaro mini, ina ta cinyewa, har na kusa kasa tashi. Malam Lawal ya sha wuya kwanakin farko, shinkafa da yaji kawai yake ci don tsoron naman alade. Sai ya gano wani shagon taliya a bakin hanya, masu shi Musulmi ne da fararen huluna. Ya yi sallama suka amsa. Mutumin nan ya dawo yana washe baki kamar an ba shi sarauta, daga ranar ba a sake ganinsa a teburinmu ba.

Wani ƙarshen mako aka kai mu kasuwa a birni. Ina cikin duba wani mayafi sai na ji daga bayana an ce, "Kai, bar masa kayansa, tsada gare shi." Na waiga da sauri har wuyana ya yi ƙara. Wani Alhaji ne ɗan Funtua, mai sarin kayan babur. Da ya ji daga inda muke, tambayarsa ta farko ita ce yaya masara ta yi bana. Ya ja mu wani bene, hawa na can sama, inda wata mata 'yar Nijar ke tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Na ci har da suɗe hannu, ba wanda ya miƙo mini tsinke.

To, bari in zo kan dajin, tunda shi ya kai mu. Wadda ta riƙe mu a can wata malama ce mai suna Wen, siririya, mai saurin tafiya, ba za ta girme ni ba. Ita ta bayyana mana cewa shekarun baya hayaƙin masana'antu da na kwal ya yi yawa a yankinsu. Hayaƙin kan hau sama ya haɗu da gajimare, sai ruwan sama ya sauko da tsami. Ba tsamin da zai ƙone maka fata ba, ka sha ma ba lalle ka ji ba, amma ƙasa tana ji. Don su gane abin da yake yi wa daji, sai suka kewaye wasu 'yan filaye da igiya a ƙarƙashin itatuwa. Wani fili suna ba shi ruwa lafiyayye, wani mai ɗan tsami, wani mai tsami sosai, da butar ban ruwa irin ta masu lambu, shekara da shekaru ba fashi. Malam Lawal ya raɗa mini, "Mu muna roƙon ruwa, su suna ɓata shi da gangan."

A kowane fili an kafa wasu zobba na bututun roba, faɗinsu kamar bakin kwano, rabi a cikin ƙasa. Malama Wen ta kifa wa ɗaya wata na'ura mai kama da tukunya, ta ce mu dubi allon. Lamba ta fara hawa. Ta ce iskar nan da mutum ke fitarwa in ya numfasa, ita ce ƙasa ke fitarwa, daga saiwoyi da kuma ƙananan halittun da ido ba ya gani, masu cin ruɓaɓɓen ganye. In suna da yawa suna cikin ƙoshi, numfashin ya yi ƙarfi. Malam Lawal ya cire hula ya mayar, ya ce, "Ikon Allah! Ashe abin da muke takawa ma numfashi yake." Muka je filin da ya fi shan tsami, aka kifa na'urar. Lambar tana hawa, amma da ƙyar. Ko ba na'ura ma ido ya gani, don ganyen da ya zuba a wurin yana nan a jibge bai ruɓe ba, na ɗaga wani na ga har jijiyoyinsa.

A ɗakin gwaji ta nuna mana dalili. Halittun nan ba su da haƙori. Wani ruwa suke fitarwa, kamar yadda miyau ke jiƙa loma, shi ke narka ganye ya mai da shi abincin shuka. Masana na ce masa enzayim, kuma iri-iri ne. In ƙasa ta yi tsami, yawancinsu sai su yi sanyi, aikin narkawa ya ja baya, gishirin da shuka ke so ruwa ya wanke shi, saiwa ta takure. Ta ce abin da ya fi ba ta tsoro shi ne shekarun farko ba su ga komai ba. Ƙasar ta yi ta haƙuri tana shanyewa, har suka fara zaton aikin banza suke yi, sannan numfashin ya fara sauka.

A dajin nan ne na tafka abin kunya. Muna tsaye ana bayani, sai idona ya faɗa kan wani zobe cike da busassun ganye da 'yan ƙirare. Allah ya sani ban yi shawara da hannuna ba. Na durƙusa na kwashe su tas, na share wurin da tafin hannu, har ina jin daɗin na taimaka. Sai na ji ƙara. Malama Wen ce ta taho da gudu, hannu biyu a ka. Na ce bari in mayar. Ta ce ba ya mayuwa, yadda iska ta jera su da abin da ke ƙarƙashinsu duk na tarwatsa, zoben nan sai ya daɗe kafin a sake yarda da abin da ya faɗa. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Malam Lawal kuwa har da riƙe ciki. Ya ce, "Ku yi mata haƙuri, 'yar gidan masu shara ce."

Da yamma na same ta na sake ba ta haƙuri. Ta riga ta huce, ta zuba mini ruwan zafi. Ta ce abu ɗaya take so ta sani, me ya sa na yi haka? Sai na ba ta labarin sharar gona. Na ce a wurinmu kafin ruwa ya sauka kowa zai tattara karan da ya rage, da ganye, da ciyawa, ya tara ya cinna wuta. Gonar da aka bari da datti ta rago ce ko ta marar lafiya. Na ce kaf ƙauyenmu ba gonar da ta kai ta Babana tsabta, allura ta faɗi sai ka tsince ta, mutane har misali suke yi da shi. Daga nan bakina ya ɓalle, na gaya mata komai, da mai bulo, da Yaya Bitrus, da gwangwanin da aka jefa a kwando.

Ta yi mini tambayoyi kamar likita. Wane taki muke sawa? Na ce farin nan, yuriya. Tun yaushe? Tun ina yarinya. Takin dabbobi fa? Na ce shanun sun daɗe da ƙarewa. Wake ko gyaɗa? Na ce masara ce bisa masara. Sai ta ce mu ba mu da hayaƙin da zai tsamama mana ruwan sama kamar nasu, amma farin takin nan, in ana zuba shi kowace shekara ba taki na gargajiya, shi ma tsamama ƙasa yake a hankali. Ta ce abin da suke yi wa filayensu da buta, mu mun yi wa tamu gonar da hannu, sannan muka bi muka ƙone abincin 'yan halittun da suka rage.

Na ce, "Malama, ta mutu ke nan?"

Ta ce ba za ta yanke hukunci kan ƙasar da ba ta gani ba. Amma a saninta ƙasa ba ta cika mutuwa ɗungurungum ba, sai dai ta galabaita, kuma dawowarta ba ta da sauri. Ta ce a nasu dajin hayaƙi ya ragu da daɗewa, ƙasar har yanzu ba ta gama farfaɗowa ba. Ta ba ni wasu 'yan takardu masu canza launi in an tsoma su a ruwan ƙasa mai tsami. Ta kuma ce in na koma in sayi maganin nan na wanke ciwo mai kumfa a kemis, in ɗiga a kan ƙasa. Inda rai yake da yawa kumfar takan fi tashi. Ta ja mini kunne cewa gwajin talaka ne, ba ya rantsuwa, amma ya fi zato. Ranar tahowarmu ta rako mu har bas, na ba ta zanen da na naɗe gwangwanin da shi, don shi kaɗai ne abin gida da ya rage mini.

Dawowa ba wani labari, sai dai Malam Lawal ya sayo butar shayi har uku, ɗaya ta fashe tun a Abuja. Na kwana ɗaya a Malumfashi na hau babur zuwa ƙauye. Yaya Bitrus ya riga ni isowa.

Da safe muka tafi gonar mu uku. Na gaya wa Baba gaskiya cewa ƙasarsa ba ta ga masu ilimin ba, a filin jirgi ta tsaya. Ya ce, "To, ta dai fi ni yawo." Na ɗebi ta tsakiyar gona na jiƙa, na tsoma takarda, launin ya nuna tsami ba ko tantama. Na ɗiga maganin, kumfa ta ɗan yi motsi ta kwanta. Sai na tafi can kan iyaka, gindin wata tsohuwar ɗorawa inda garma ba ta shiga, ganye ke zuba ya ruɓe a wurin. Na tona na ɗiga. Kumfa ta taso fara fat, har da 'yar ƙara. Baba ya durƙusa da ƙyar ya kara kunne. Ya ce in sake. Na sake.

Ya ce, "Wannan da waccan ai ƙasa ɗaya ce."

Na ce, "Ɗaya ce, Baba. Waccan yunwa take ji."

Ya tambayi abin da za a yi. Na ce a zuba farar ƙasa in an samu, da tokar murhu, ya gyaɗa kai. A nemo takin dabbobi ko kaɗan ne, a rage farin taki, a sa wake da gyaɗa a wani ɓangaren, duk ya gyaɗa kai. Sannan na ce bana ba za a yi shara ba, ba za a sa wuta ba, kara da ganye duk a bar su su kwanta a wurin.

Baba ya miƙe tsaye. Ya ce, "In bar gonata da datti? Ni?" Ya ce toka ai taki ce, tun kakanni ake ƙonawa. Na ce gaskiya ne toka na rage tsami, amma kakanni suna da shanu, suna kuma barin gona ta huta, mu ba mu da ko ɗaya. Yaya Bitrus ya ce, "Shekara nawa kafin ta dawo?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Kin je har Caina ki dawo da ban sani ba?" Raina ya ɓaci, na ce in ƙarya yake so ai da ba sai na hau jirgi ba. Muka yi ta yi har Baba ya ɗaga hannu. A ƙarshe Yaya ya ce ya ba mu damina biyu, in ba a ga canji ba kar wanda ya sake yi masa maganar gado. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya kama hanyar gida.

Lokacin shara ya zo. Duk inda ka duba hayaƙi ne ke tashi, gonaki sun yi fes, ta Baba kaɗai ke kwance da kara kamar ba mai ita. Magana ta fara yawo. A coci har aka sa shi cikin addu'ar marasa ƙarfi, yana zaune a layin dattawa yana ji. Ya dawo gida ranar bai ci abinci ba. Na tausaya masa ƙwarai, don na san da ya sha wannan kallon gara masa zazzaɓi.

Wata Asabar ina ƙauyen, da hantsi, sai ga wata maƙwabciyarmu ta shigo tana cewa mu zo mu ga abin arziki. Ashe Malam Idi ne, wanda gonarsa ke jikin tamu, abokin Baba tun suna yara, ya ga abin ya ishe shi. A ganinsa ƙarfi ne ya ƙare wa Baba, kunya kuma ta hana shi faɗa. Sai ya haɗa gayya a ɓoye, 'ya'yansa da matasan cocinmu, don a rufa wa dattijo asiri. Kafin labari ya iso mu sun tattare kusan rabin gonar, sun tara tsibi-tsibi, har an cinna wa na kusurwar gabas wuta.

Na dubi Baba. A raina na ce shi ke nan, ya sami mafita, ba shi ya share ba, ba kuma wanda zai ce ya saɓa mini. Sai na ga ya jawo takalmansa. Mutumin da ke tsayawa hutu kafin ya kai bakin rijiya, ranar da ƙyar na bi sawunsa. Yana isa ya karɓe reshe daga hannun wani saurayi ya shiga dukan wutar, yana cewa, "Ku kashe! Ku kashe mini ita!" Aka taru aka kashe.

Malam Idi ya matso, ransa a ɓace. Ya ce, "Haba Dattijo! Me ya yi zafi? Tun muna yara ban taɓa ganin gonarka haka ba. In ba ka iyawa ai mu muna nan."

Baba yana haki ya ce, "Malam Idi, na gode, Allah ya bar zumunci. Lafiyata ƙalau. Ni na bar ta haka da gangan. Yarinyar nan ta ce ƙasar yunwa take ji, wannan dattin shi ne abincinta. Na kara kunnena na ji da kaina." Ya juya wajen matasan ya ce, "Yadda kuka tara, haka za ku watsa mini shi."

Wani ya fara dariya, Malam Idi ya harare shi, mai dariyar ya haɗiye abarsa. Haka suka bi tsibin nan ɗaya bayan ɗaya suna warwatsawa, suna satar kallon Baba. Ni kuma na koma gida da sauri muka dama kunu, don gayya gayya ce ko ta watsa datti ce. Malam Idi bai sha ba. Ya saɓa fartanyarsa ya tafi ba sallama, abin da bai taɓa yi ba. Baba ya bi shi da ido har ya ɓace, ya ce mini a hankali, "Saratu, in maganarki ba ta zama gaskiya ba, na yi asarar gona na yi asarar aboki."

Washegari bayan an taso daga coci muka bi ta gonar. Daga nesa muka hango amalanken shanu tsaye a kusurwar da ta ƙone. Malam Idi ne a kai da shebur, yana sauke takin garkensa, wanda ya tara duk rani don tasa gonar. Bai ɗago ya dube mu ba. Sai da ya kankare na ƙarshe ya buga shebur a jikin amalanken, sannan ya ce, "Tunda datti kake so, ga shi nan. Wanda na ƙona maka ne na biya."

Baba ya matsa kusa da amalanken. Ya tuɓe rigarsa ta coci ya miƙo mini, ya karɓi shebur ɗin daga hannun Malam Idi, ya fara bazawa.